Yayen 'Yar Fari

Ina koyarwa a wata firamare a Kiru aka ce in je in taimaka wa Dakta. Ban so ba. Ni mace ce mai ƙaiƙayin ƙafa, tun ina yarinya ba na iya zama wuri guda, ga shi an ce aikin matar nan zama ne kawai. Hedimasta ya ce wata uku ne, in daure. Shekara uku na yi ina bin ta, kuma a cikinsu ne na kusa barin 'yata ta fari ta tashi a hannun wata, ina ji ina gani.

Dakta 'yar Bebeji ce, doguwa, baƙa, mai ƙaramar murya. Ba likitar asibiti ba ce, amma je ka gaya wa matan ƙauye haka. Duk gidan da muka shiga sai an miƙo mata yaro mai zazzaɓi ko mai ƙuraje, ta taɓa goshinsa, ta ce a kai shi asibiti tun da wuri. Sai matan su kalli juna, wai wace irin dakta ce wannan da ba ta da ko allura. Abin da ta karanta shi ne yadda hankalin yaro yake girma: yadda yake sabo da mutane, abin da yake ba shi tsoro, da abin da yake kwantar masa da rai. A duk yankinmu ban san wanda ya riga ta shiga wannan karatu ba, mace ko namiji. Allah Ya yi mata rasuwa shekarun baya, Allah Ya jiƙanta. Yawancin matan da suke riƙe da ajin ƙananan yara a wajenmu yanzu, ko ita ta koyar da su, ko waɗanda ta koyar.

Labarinta guntu-guntu na ji shi, a cikin tsohuwar motarta da sai an tura take tashi. Tana sabuwar malama ruwan madatsar Tiga ya cinye garuruwa, aka kwashe mutane zuwa sababbin matsugunai. Sai ta ga 'yan ajinta sun sauya. Waɗanda suka daina fitsarin kwance suka koma yi. Wata yarinya mai shegen surutu ta yi shiru wata da watanni. Manya suka ce iska ce, aka yi rubutu, aka yi turare, ita kuma ba ta hana ba, don mahaifinta ma malamin allo ne, shi yake rubutun. Amma ta lura yaran da ƙaurar ta raba su da wanda suka shaƙu da shi, kaka ta bi wani gari, ko yayar da take goyon su ta bi wani, su suka fi daɗewa ba su dawo daidai ba. Wannan tambayar ce ta kai ta jami'a, ta kai ta har ƙasar waje, ta kuma dawo da ita. An ba ta ofis a birni, da fanka da masinja. Ta ce yara ba sa zuwa ofis, ta ɗauko tabarmarta ta dawo gida.

Aikinmu kuwa ga shi. Mu yi sallama, a gaisa doguwar gaisuwa, ta shimfiɗa tabarma a gefe, ta jawo abin da matan gida suke yi, ɓarar gyaɗa ce ko tsinkar zogale, ta sa hannu. Ba ta tambaya, ba ta wa'azi. Haka za ta zauna har a manta da ita. Ni ce mai agogo da littafi. Idan uwa ta tashi ta shiga kewaye ko ta leƙa maƙwabta, in rubuta abin da ɗanta ya yi, idan ta dawo in sake rubutawa. Wallahi na sha wahalar zaman nan. Ƙafata ta yi ta rawa, sai in ji hannun Dakta a kan gwiwata ta danne ta, ko kallona ba ta yi ba.

Da farko kukan tafiya nake cika shafi da shi, don shi ne mai ƙara. Wata rana a Kafin Maiyaƙi ta karɓi littafin, ta ja layi a kan rabin abin da na rubuta.

"Kowane yaro yana kuka idan an tafi," ta ce. "Dawowar za ki kalla. Ina ya nufa, kuma me ya tarar?"

Akwai gidajen da sai mun koma sau huɗu, sau biyar: gidajen masu ɗan fari. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, balle a gaban surukai. Ko ya zo jikinta sai ta nuna kamar na maƙwabta ne. Littattafan da Dakta ta karanta a can ba su san da wannan ba. Ta ce da za ta bi su, da ta rubuta cewa rabin matan Kiru ba sa son 'ya'yansu. Saboda haka sai ta yi ta komawa, har ta ga abin da uwar take yi a ɗaki ko a bayan rumbu, inda babu idon babba. Ban taɓa jin ta zagi al'adar ba. Iyakacin abin da ta ce shi ne ɗan shekara biyu bai san wani abu wai shi kunya ba, abin da ya gani shi ya sani. Na rubuta wannan da hannuna, har na ja masa layi.

'Yata a bayana ta yi duk yawon nan. Ta sha ƙurar hanyar Tudun Wada, ta ga masunta suna jan taru a Tiga tun ba ta iya zama ba. A ƙauyukan da ba a san ni ba kuwa ba na wata kunya, in yi mata wasa son raina. Da ta kusa shekara biyu maganar yaye ta taso. Mahaifiyata ta rasu tun ina sakandare, don haka wurin Inna za a kai ta, uwar mijina, a wani ƙauye gaba da Doguwa. Dakta ta ce in rage mata nonon a hankali, in kuma kai ta da kaina in kwana biyu kafin in taho. Na ce to. Amma Inna ta aiko sau biyu, malam ya riga ya yi rubutun yaye, ƙanwar mijina ta iso ranar Alhamis. Juma'a da safe aka ba yarinyar rubutu a kunu, aka ce in shiga ɗaki kar ta gan ni. Na shiga. Ina jin muryarta tana nisa har ta ɓace.

An ce wata ɗaya za ta yi a can. Ƙirjina ya kumbura kamar zai fashe, na sha kanwa, na ɗaure da zani. Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya dame ni shi ne bayana. In sunkuya in ɗauki abu sai in kai hannu in tare goyon da babu shi.

Sai da aka yi sati biyar mijina ya samu hutu daga wurin aikinsa na ruwa a Tiga, muka kama hanya. Daga Tudun Wada har muka ratsa daji na kasa zama daidai a kujera, wata tsohuwa da ke kusa da ni har ta tambaya ko cinnaku ne suka shige min zani. Mun isa bayan azahar. Tsakar gidan Inna faffaɗa ce, ranar kuma cike take da mata ana ɓarar masara: matan 'yan'uwan mijina, maƙwabta, da wata gwaggonsa mai bakin tsiya wadda tun aurena take kirana 'yar boko. Na cire takalmi, na durƙusa gaban Inna, na fara gaisuwa.

Yarinyar tana can gindin turmi da kofin kunu. Ta ɗago kai ta gan ni. Ta saki kofin, ta miƙe, ta taho a guje, hannu biyu a sama.

"Yau za mu ga ko 'yar boko ta san kunya," in ji gwaggon, tana dariya.

Na kau da kai. Na ci gaba da tambayar Inna ya sanyi, ya aikin gona, ya ƙafar da take ciwo. Yarinyar ta iso, ta kama mayafina, ta ja. Na sa hannu na cire yatsunta ɗaya bayan ɗaya, a hankali, idona yana kan tabarmar Inna. Matan suka yi shewa, wata ta ce ashe dai an yi mata tarbiyya. Ba zan ɓoye ba, a lokacin har daɗi na ji, don shekara uku ina neman yabon nan a gidan ban samu ba.

Ta ɗan tsaya a gefena. Ba ta yi kuka ba. Sannan ta juya, ta je ta hau cinyar Inna, ta cusa fuskarta a ƙirjinta.

Da la'asar na samu aka bar mu mu biyu a ɗaki. Na ɗauke ta, na rungume, na yi mata duk waƙoƙin da ta sani. Ta sandare kamar icce, tana kallon bango. Na ba ta alewa, ta karɓa, ta zame ta fita. Washegari ma haka. Ranar da za mu taho Inna ta ce wa mijina ai ga shi yarinya ta saba, ni kuma kullum ina yawon ƙauyuka, a bar mata ita ta riƙe, dama 'yar fari ta kaka ce. Ya sunkuyar da kai ya ce yadda ta ce haka za a yi. Ni kuwa da wane bakin zan ce a ba ni? Macen da ta buɗe baki ta nemi ɗanta na fari a gaban uwar miji ta gama zubar da mutuncinta. Muka hau mota mu biyu.

Abin da ya biyo baya ba na son tuna shi. Na zama masifaffiya. Na yi faɗa da mai kayan miya, na yi da ɗan acaɓa, na yi da mijina a kan gishiri. In share ɗaki, in sake sharewa. In fito ƙofar gida in tsaya, in rasa me na fito yi. Kuma kullum sai na tafi aiki na zauna ina kallon 'ya'yan wasu suna rarrafawa wurin iyayensu, da agogo a hannuna.

A gidan wani masunci a Tiga asirina ya tonu. Matar gidan ta fita shanya kifi, ta dawo, ɗanta ya yi wurinta, ta sure shi ta saɓa a kafaɗa tana ci gaba da magana. Abu ne da muke gani kullum. Dakta ta leƙo littafina ta ga shafin fari fat. Muka gama, muka taho. A bakin hanyar ruwa ta tsayar da motar ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro, duk da ta san sai mun nemi masu turi. Ta ce ina yarinyar.

Na zazzage mata komai. Na zagi gwaggon, na ga laifin Inna, na ga na mijina da ba ya iya cewa a'a, na ga na ƙanwarsa, har malamin da ya yi rubutu bai tsira ba. Ta bar ni na gama.

"Da ta gan ki, ina ta nufa?"

"Wurina."

"Me ta tarar?"

Na fi kowa sanin amsar, ni nake rubuta ta kullum. Haushin kaina ya kama ni, sai na juye shi a kanta. Na ce tunda ita ce mai ilimin, ta gaya min gaskiya, shi ke nan na lalata yarinyar? Ta ce ba ta sani ba, kuma duk wanda ya ce min ya sani ƙarya yake. Ta ce rana ɗaya ba ta gina yaro, ba ta rushe shi, amma idan na bar abin a haka, ranar nan ita ce ta ƙarshe da yarinyar ta sani game da ni. Na ce to gobe zan je in ɗauko ta, kowa ya faɗi abin da zai faɗa. Nan ta ɗaga murya, karo na farko da na ji.

"Kul. Yanzu Inna ta riƙe. Kika fizge ta, kin yi mata yaye na biyu. Je ki zauna a gidan. Ki fita, ki dawo, ki fita, ki dawo. Duk dawowa ta tarar kina kallon ta."

Ta ba ni sati guda. Na roƙe ta ta raka ni, ko Inna za ta ji nauyinta. Ta ce ita ba ta shiga tsakanin mace da uwar mijinta, wannan ba ya cikin abin da ta karanta.

Mijina ya ce zan ja masa abin kunya. Na ce ya yi haƙuri, na riga na ja wa kaina wanda ya fi shi. Na tafi ni kaɗai. Na ce wa Inna na zo taya su aikin masara ne, ta ce sannu da ƙoƙari. Duk gidan an san ko masara goma ba na iya ɓarewa ba tare da hannuna ya yi kanta ba.

Washegari da hantsi na fara. Na tashi na fita zaure, na ɗan tsaya, na dawo da sallama. Yarinyar tana kusa da Inna. Na je na durƙusa daidai tsayinta, na kalle ta, na kira sunanta. Ban taɓa furta shi da ƙarfi ba sai ranar, har ya yi min baƙo a baki. Mai daka ta tsaya da taɓarya a sama. Gwaggon ta yi salati, ta ce boko ya gama da ni, a nemo min rubutu. Inna ba ta ɗago daga tsintar wake ba. Yarinyar ta kalle ni kamar mai tallan da ba a kira ba, ta ci gaba da wasanta.

Na sake fita. Ranar na fita ya fi sau goma. Yaran gidan suka mai da abin wasa, su ma su fita su dawo suna sallama. Matan suka daina ɓoye dariyarsu. Wata ta tambaye ni ko gudawa nake yi, ta ce akwai saiwa mai kyau. Na haɗiye, ni da ba na haɗiye magana.

Kwana na biyu haka. Na uku haka, sai dai na lura idan na nufi zaure tana bin bayana da ido, idan na dawo ta kau da kai. A wurina ta koya, kuma ta iya. Ranar ce na kusa karaya. Da azahar kowa ya shiga ɗaki, yarinyar tana barci ita kaɗai a rumfa. Na ɗaure kayana, na tsaya a kanta. Titi ba nisa, kafin a farga mun kai Doguwa. Na daɗe a tsaye, sannan na koma na kwance ƙullin. Ba haƙuri ne ya hana ni ba, tsoron idon Dakta ne.

Rana ta huɗu na bi matan rafi ɗebo ruwa, mun ɗan jima. Da na shigo yarinyar tana tsaye a tsakiyar gida da ƙaramin ludayi a hannu. Na sauke tulun, na durƙusa, na kira ta. Ta taho, ba da gudu ba, tana tafe tana kallona. Da ta iso ta ɗaga ludayin ta kwaɗa min a fuska. Ta sake. Ta uku a ƙirji, ludayin ya tsage. Sai ta fashe da wani irin kuka da ban taɓa ji ba, tana duka na tana cakumar rigata lokaci ɗaya. Na ɗauke ta a gaban kowa, na zauna a ƙasa cikin ruwan da ya zube, ni ma na yi ta yi. Babu wadda ta yi dariya. Gwaggon ma ta shige ɗaki.

Da yamma Inna ta aiko a kira ni. Na shiga da yarinyar a bayana, don ta ƙi sauka. Na tarar ta ninke 'yan kayanta ta ɗaure a ɗankwali, har da ɗan kofin kununta. Na durƙusa, na fara ba da haƙuri, ta ɗaga min hannu.

"Jibi za ku tafi, ba gobe ba. Ni ma ta saba da ni, kar ta waiwaya ta rasa ni gaba ɗaya."

Na ce to, Inna. Ta shiga gyara ƙullin da ba ya bukatar gyara.

"Nawa na farin ma yaye aka kai shi," ta ce. "Sai da ya shekara bakwai aka dawo min da shi. Da ya shigo ya durƙusa a can bakin ƙofa, ya ce min ina wuni. Har yau abin da yake ce min ke nan."

Mijina take nufi. Shekara uku da aurenmu, ina ganin yadda yake gaishe ta daga nesa, kansa a ƙasa, ina cewa ladabi ne. Ta miƙo min ƙullin kayan, ta shafa ƙafar yarinyar da ta leƙo ta gefen zanina. Sannan ta tambaye ni ko yana cin abinci sosai a can wurin aikin, ba ta ambaci sunansa ba.